Kurakuran da Baƙi ke Yi Game da Damina da Rani a Kribi, da Yadda za a Kauce Musu

Kribi gari ne a kudancin Kamaru, a bakin Tekun Atlantika, inda kogin Kienke ke zuba cikin teku, kuma shi ne wurin shaƙatawa da mutanen Duwala da Yawunde suka fi zuwa idan sun samu hutu. Mutanen arewa ma suna zuwa, wasu don harkar sabuwar tashar jiragen ruwa da ta fara aiki a 2018, wasu don sayen kifi, wasu kuwa don su kai iyalinsu su ga teku. Yawancin wahalar da baƙon arewa ke sha a garin daga abu ɗaya take fitowa, wato yakan taho da lissafin watannin garinsu a kansa, ya zaci damina da rani a ko'ina iri ɗaya ne.

Mutumin Kano ko Damagaram ko Marwa ya san damina ɗaya a shekara, ya san ruwa ya fi ƙarfi a watan Agusta, kuma ya san da Oktoba ta kama an shiga kaka. Saboda haka sai ya ce bari ya jira Agusta ta wuce, ya tafi Kribi a ƙarshen Satumba ko a Oktoba, yana ganin ya yi dabara. A nan ne yake faɗawa tsakiyar ruwa, domin Kribi na da damina biyu, kuma Satumba da Oktoba su ne watannin da ruwa ya fi sauka. A shekara garin kan samu ruwan da ya kusa milimita 3,000, wato fiye da ninki uku na abin da Kano ke samu, kuma a watan Satumba kaɗai ana iya samun kusan milimita 500. Ƙaramar damina tana farawa ne daga Maris zuwa Yuni, sai ruwan ya ɗan lafa a Yuli zuwa wani ɓangare na Agusta, sannan babbar damina ta shigo ta kai har cikin Nuwamba. Wanda yake son rana da hanya mai kyau, daga Disamba zuwa Fabrairu ya kamata ya tsara tafiyarsa. Wanda kuma ba shi da lokaci sai na dogon hutun 'yan makaranta, gara ya zaɓi Yuli da ya jira ƙarshen Agusta, ko da yake sararin sama a Yuli yakan wuni a lulluɓe da gajimare.

Ko wanda ya dace da watan ma yakan sake yin wani kuskure, ya ɗauka ranin Kribi irin na arewa ne, wanda ake yin watanni ba a ga ɗigon ruwa ba. A Kribi babu watan da ba a ruwa, sai dai ya ragu. Hazon hunturu kan ɗan leƙo a Disamba da Janairu, amma babu sanyinsa kuma babu bushewarsa, don haka bargo da rigar sanyi da man leɓe nauyin banza ne a jaka. Zafin rana bai cika wuce digiri 30 da ɗan abin da ya ɗora ba, abin da mutumin da ya saba da bazarar Sakkwato zai raina, amma iskar a cike take da laima, gumi ba ya bushewa a jiki, kuma mutum yakan gaji da wuri ba tare da ya san dalili ba. Babbar riga ta shadda mai sitaci, wadda ke tsayawa ƙyam a Kano, kafin la'asar ta saki ta manne a baya. Kayan da aka wanke da safe aka shanya a ɗaki suna iya kwana biyu da danshi, takalmin fata da aka bari cikin akwati kuwa, a lokacin damina, ana iya buɗewa a tarar fumfuna ta hau shi. Maganin wannan shi ne a ɗebi tufafin auduga marasa nauyi, fiye da adadin da ake zaton za a buƙata, a riƙa fito da kaya daga jaka suna shan iska, a saka fasfo da waya cikin leda mai rufewa, kuma a sha ruwa sosai ko da ba a ji ƙishi ba.

Batun sauro ma haka yake. A arewa mutane sun saba ganin zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa da damina ya ragu da rani, amma a gaɓar tekun Kamaru ana kamuwa da shi duk shekara. Kada a amince da ɗakin da ba shi da gidan sauro ko raga a taga don kawai an ce yanzu rani ne, kuma mai tafiya da ƙananan yara ko mace mai juna biyu ya nemi shawarar likita tun kafin ya bar gida. Wanda ya fito daga wata ƙasa kuwa ya riƙe katinsa na rigakafin cutar shawara, domin ana tambayarsa a iyaka.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari shi ne raina teku. Da yawa daga cikin masu zuwa sun koyi iyo ne a kogi ko a dam ko a kududdufi, inda ruwa ko dai yana tsaye ko kuma yana tafiya gefe ɗaya da kowa ke gani. Teku ba haka yake ba. Igiyoyin da ke bugun gaɓa sai sun koma, kuma a wasu wurare ruwan kan haɗu ya koma ta wata siririyar hanya da ƙarfi, ya ja mutum zuwa ciki. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne wurin nan yakan fi ko'ina kwanciya a ido, domin igiya ba ta fashewa a cikinsa, sai mutum ya ce ga wuri mai lafiya ya tura yara. Idan aka lura da kyau za a ga ruwan wurin ya ɗan fi duhu ko ya gauraye da yashi, kuma kumfa da ganye suna tafiya ciki maimakon su dawo gaɓa. Wanda irin wannan ruwa ya ja, kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye, domin gajiya ce ke kashe mutane. Ya yi iyo gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har ya fita daga hanyar, ko ya kwanta bisa ruwan ya ɗaga hannu a gan shi. Daga wajen Yuni zuwa Satumba igiyoyi sun fi girma a duk gaɓar nan, ko da a ranar da babu hadari a sama, saboda daga can kudancin tekun suke tasowa. A ganina, wanda bai saba ba kada ya wuce inda ruwa ke kai masa ƙugu a kowane wata, kuma ya tambayi masunta kafin ya shiga, tun da ba kowace gaɓa ce ke da mai ceto ba. Haka nan mata masu shiga da dogon hijabi ko zane su tsaya a bakin ruwa sosai, domin yadin da ya jiƙe yana da nauyi kuma yana naɗe ƙafa. A tuna kuma cewa teku yana cika yana janyewa sau biyu a kowace rana, dutsen da aka hau da azahar ana ɗaukar hoto yana iya zama tsibiri kafin magariba.

Magangarar ruwan Lobe, wadda ke kimanin kilomita 7 kudu da gari, ita ce abin da aka fi zuwa gani, domin a can kogi ke faɗowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. Mutane kan ga hotonta a waya su zo suna tsammanin haka take kullum. Da damina ruwan yana da yawa da ƙara, launinsa ja-ja saboda ƙasar da ya kwaso daga daji, kuma kwale-kwale ba ya iya matsawa kusa cikin aminci. Da rani ruwan kan ragu ya rarrabu tsakanin duwatsu, amma shiga jirgi ya fi sauƙi. Kowanne da kyansa, sai dai a yi ciniki da mai kwale-kwale a ƙasa, a san ko kuɗin na mutum ɗaya ne ko na jirgin duka, kuma a nemi rigar ceto. Masu son ganin kunkurun teku na yin ƙwai a ƙauyen Ebodje, kan hanyar Campo, su sani cewa abin na da lokacinsa, galibi daga wajen Oktoba zuwa Maris, da dare ake gani, kuma hanyar kudu tana wuya idan ruwa ya yi yawa, don haka a tambayi direbobin tasha kafin a kama hanya.

Akwai kuma waɗanda suka zaɓi wata mai kyau amma suka manta cewa kowa ma shi ya zaɓa. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu, da lokacin Ista, da kusan kowace Asabar ta rani, masaukai kan cika, kuɗin ɗaki ya tashi, gaɓa ta cika da kiɗa har tsakar dare. Mai iyali da ke neman natsuwa zai fi jin daɗi idan ya zo tsakiyar mako, a ƙarshen Janairu ko a Fabrairu, ko ya nemi masauki a wajen gari, ta ɓangaren Londji a arewa ko Grand Batanga a kudu. Ranar 9 ga Mayu ma garin kan cika, domin ita ce ranar bikin Mayi da ƙabilar Batanga ke yi don tunawa da dawowar kakanninsu gida bayan an kwashe su a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Game da kuɗi, mutanen Nijar sun fi kowa faɗawa tarko, domin sefar da ake kashewa a Yamai ba ita ce ta Kamaru ba, ko da yake darajarsu ɗaya. Mai shago a Kribi ba zai karɓe ta ba, sai an canza. Mutumin Chadi ba shi da wannan matsala. Faransanci ne harshen kasuwa a garin, amma kamar sauran garuruwan kudancin Kamaru, masu suya da wasu 'yan tireda mutanen arewa ne, kuma su ne suka fi dacewa a tambaya inda masallaci yake da inda ake samun naman da aka yanka bisa ƙa'ida.

Shi kuwa kifi, kuskure ne mutum ya zo Kribi ya riƙa cinsa a ɗakin cin abincin otal kaɗai. A mashigar masunta da ke bakin kogin Kienke, wadda mutanen gari ke kira debarkadar, jirage sun fi shigowa da kaya ranakun Laraba da Asabar. Mutum yakan zaɓi kifinsa ko jatan lande da kansa, ya duba idon kifin yana sheƙi, ya ɗaga marfin kunnensa ya ga ciki ja ne, ya yi ciniki, sannan ya miƙa wa ɗaya daga cikin matan da ke gashi a gefe. Kuɗin gashi daban yake da kuɗin kifi, haka ma soyayyar ayaba da bobolo, wato ƙullin rogo da ake naɗewa a ganye, don haka a tambayi farashin kowanne kafin a ɗora kifin a wuta. Idan teku ya yi kwanaki yana hauka kuma jirage ba su fita ba, kifi yakan yi tsada, wanda ke kan tebur ma wataƙila na ƙanƙara ne, kuma mai gashin za ta faɗi gaskiya idan aka tambaye ta cikin mutunci.