Kurakuran da ke karya bayan sababbin masu lambu

Na gaji da ganin abu ɗaya duk shekara. Da an shiga noman rani sai ka ga matashi ya kama fili a fadama, ya ja fangulan latas da albasa, kafin a gama ciran farko ya fara tafiya yana dafe da ƙugu. In ka yi masa sannu ya ce ai lambu ya gaji haka. Ba haka ba ne. Yawanci kayan aikin ne, da yadda ake riƙe su.

Babban laifin yana wurin ƙota. Mutum zai shiga kasuwa ya ɗauki fartanya, ya ƙwanƙwasa bakinta ya ji ƙarar ƙarfe, ya yi ciniki ya wuce, ƙotar ko kallo ba ta ishe shi ba. Alhali ita ce za ta sa ka wuni a duƙe ko a miƙe. Gajeriyar ƙota ce ta taɓa kwantar da ni ana tsakiyar dashen tumatir. Ruku'u ya gagare ni, sai sallah a zaune, ina kwance dashen ya bushe a fangali. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga dogon saurayi ya naɗe kan fartanyar da ko ƙaninsa ta yi wa kaɗan. A jihar Kalifoniya ta Amurka, tun 1975 aka haramta sa ma'aikatan gona aiki da gajeriyar fartanya saboda yadda take nakasa baya. Ba ma sai an je nesa ba. Manoman Maraɗi da Damagaram a tsaye suke noma, suna tura doguwar hauyarsu a ƙarƙashin yashi, kuma sungumi ma a tsaye ake sara da shi.

Na san irin wannan hauyar da ake turawa ba ta cin lakar fadama. To, kai fartanyarka wurin maƙeri ya sa mata ƙota daidai tsawonka, ya gyara kwanciyar bakin yadda zai ci ƙasa kana miƙe. Ni awona, in na tsayar da ita ta kawo min ƙirji. Kaurinta kuma yatsu su zagaye ta ba tare da an matse ba. Nakan goge ta da samfefa in shafe ta da man gyaɗa, tun daga nan na rabu da bororo. Inda tsirrai suka matsu, dole sai 'yar gajeriyar, kada ka tsaya goho. Ninka buhu ka durƙusa a kai, ko ka zauna kan kujera 'yar tsugunno.

Sai ɗaukar ruwa. Jarkar lita 20 kilo 20 ce cur, amma za ka ga yaro ya finciko ta da hannu ɗaya daga bakin rijiya, ya karkace, ya yi ta sintiri har azahar. Haba! Wa kake burgewa? Raba ruwan gida biyu, bokiti a kowane hannu, ko ka sa a baro, nauyin ya zauna a kan taya. In za ka ɗaga, ka lanƙwasa gwiwa, ka jawo kayan jikinka, sannan ka miƙe. Haka in kana kwasar taki da shebur, da ƙafafu ake juyawa, ba a murɗa ƙugu.

Dakusasshen baki yana sa ka sara uku a inda ɗaya ya isa, don haka zarto ba ya barin aljihuna. Manjagara ba a ajiye ta haƙora sama. Lauje ba a jefar da shi cikin ciyawa. Silifas ba takalmin lambu ba ne, kuma in ƙarfe ya sare ka a ƙasar da aka zuba taki, ka wanke da sabulu ka je a duba ka, a yi maka allurar tetanus.

Masu haɗiyar tramol don su ƙara awa biyu kuwa, wallahi ku ji tsoron Allah. Ciwon yana nan, jinsa kawai kuka daina, kuna ta ƙara ɓarna. Duk wanda ciwon bayansa ya fara sauka ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, ya ajiye fartanya ya nufi asibiti.