Yadda za ka haɗa zane da kiɗa a bidiyon koyar da yara

Da farko ka zana hotunan a farar takarda, huɗu ko biyar sun isa, misali yaron da ya ci tuwo bai wanke hannu ba. Ka ɗauke su da waya a hasken rana don kar kalar ta dishe, sai ka jera a manhajar haɗa bidiyo ta CapCut, kowanne daƙiƙa biyar.

To wurin kiɗan ne ake kwafsawa. Inda yaron ke murƙususun ciwon ciki sai ka sa sarewa a hankali, yana warkewa kalangu ya shigo, wallahi yara har tsalle suke. Amma fa ka rage ƙarar in kana bayani, ni na farkon da na haɗa ko muryata ba a ji, sai kalangu kawai.