Zaɓen pon ga ƙaramar mota mai injin moto

Salamu alaikum ƴan uwa. Mai haɗa ƙaramar mota da injin babban moto, ya kula da lissafin pon, wato giyar da ke raba juyin inji ga tayoyin baya, kafin ya biya kuɗi. Ni na sha wuya a kansa a nan Yamai.

Injin moto tun a cikinsa ana rage juyi kafin ya kai ga bitesi. A moto Suzuki Hayabusa ƙirar farko ragin 1.596 ne, bitesi na shida kuma 1.043, in an ninka su kusan 1.66 ke nan. A motoci da yawa kuwa bitesi na huɗu ɗaya bisa ɗaya ne, shi ya sa in aka haɗa injin moto da pon na mota, inji ke yawan juyi. Na sa pon na Ford Sierra mai lamba 3.92 (wato sandar da ke shiga pon ta juya sau 3.92 kafin tayoyi su juya sau ɗaya) da taya 185/60 R13, na hau hanyar Doso. Ina kilomita 100 a awa, inji na juyi kusan 6,300 a minti, kunne kamar zai fashe, yana ta shan esansi. Da na koma 3.38 ya sauko wajen 5,400. Akwai 3.14, sai dai wuyar samu, kuma in kana shiga rairayi kamar na ƙauyukan Tawa, ambiriyaj ne zai ji jiki wajen tashi.

Kada ka yarda da bakin mai sayarwa. Ɗaga taya ɗaya, ka sa alli a sandar da ke shiga pon, ka juya tayar sau biyu cif. In pon ɗin ba mai kullewa ba ne, yawan juyin sandar shi ne lambarsa.

Af, injin moto irin na Hayabusa ba ya da bitesin baya, sai turi.