Yadda ake dafa ganyen shayi bai yi bauri ba

Abin da nake yawan gani wurin samarin ƙauyenmu shi ne a zuba ganye cikin ruwan sanyi, a ɗora buta kan wuta, a tafi hira. Kafin a waiwayo ƙamshin ya bi tururi, sai bauri ya rage, a yi ta danna sukari. Ni ma haka na yi ranar da surukaina suka zo daga Ringim. Kowa ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye kofi.

Fara da ruwa. In na rijiyarku mai zartsi ne, nemo na burtsatse, don zartsi yana dusashe launin shayi. Kada ka hura wutar kara, hayaƙinta na kama buta. Gawayi za ka sa, ka bari ya ruru.

Citta da kanumfari su ne masu son tafasa, su za ka fara jefawa su yi kamar minti 5.

To, nan ne ake faɗuwa. Sauke butar tukuna, sannan ka zuba ganye, ƙaramin cokali ɗaya ga kowane kofi. In baƙin ganye ne, irin wanda ake nomawa a Mambila ta jihar Taraba, zuba nan take, ka rufe minti 3 zuwa 5. Koren ganyen China kuwa, wanda ake murzawa ƙulli-ƙulli, ba ya jure ruwa mai digiri 100; kusan 80 yake so. Wa ke da ma'aunin zafi a ƙauye? Buɗe murfin kawai ruwan ya huce na ɗan lokaci, da hunturu ma ba ya daɗewa, sannan ka zuba, minti 2 ko 3 ya isa. Dalili kuwa, ƙamshi da wuri yake fita daga ganye, shi kuma sinadarin tanin mai kawo bauri yana ta ƙaruwa muddin ganyen na cikin zafi. In shayi mai ƙarfi kake so, ƙara ganye, kada ka ƙara lokaci. Kuma murfi dole ne bayan ka zuba.

Wani zai ce ai Buzaye tafasa nasu suke yi. Haka ne, amma nasu a ƙananan gilasai ake sha, da sukari mai yawa, zagaye uku, na farkon da ɗaci da gangan. Wannan shayi ne daban, ba na cika kofin karin kumallo ba.

Tace shi duka, kada ka bar ganye ya kwana a filas. Na'a-na'a a ƙarshe, madara da baƙin ganye kaɗai. A wurina mai zuba wa kore madara ɓarna yake yi. Koren ganyen da ka tace kada ka zubar, zai ɗauki ruwa na biyu, ka ga kuɗin ganye ya ragu. Sauran busasshen kuma sa shi a gwangwani mai murfi, nesa da daddawa.