Idan Masu Awon Filaye Sun Iso Gonarka a Bakin Damagaram

Duk wanda ya bi hanyar Mirya, ko ta Tanut, ko ta Magarya a ƴan shekarun nan, ya ga turakun siminti a jere cikin gonakin gero, tsakanin wannan gawo da wancan, wani lokaci ma tun ba a kwashe karan bara ba. Birnin Damagaram, wanda ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 300,000 a gundumominsa biyar, yana cin gonakin da ke kewaye da shi, kuma manomi ba shi da ikon tsayar da gari. Abin da yake da iko a kai shi ne yadda gonarsa za ta fita daga hannunsa, idan har za ta fita.

Aikin farko shi ne a samar wa gonar takarda, kuma ana yin sa ne tun kafin kowa ya zo da maganar lotisma, wato yanka gona zuwa filayen gidaje. Yawancin gonakinmu na gado ne, shaidarsu kuwa a bakin dattawa take, kuma dokar tsarin karkara ta Nijar ta 2 ga Maris 1993 ta amince da irin wannan mallaka ta gargajiya. Sai dai amincewar doka ba ta hana gardama idan dattawan sun kau. Saboda haka ka je wurin mai gari, wanda shi ne shugaban kwamitin ƙasa na gari, mai kula da harkar gonaki da filaye, da ake kira kofob, ka nemi takardar shaidar mallakar gargajiya. A zagaya gonar da ƙafa tare da maƙwabtan iyaka na gabas da yamma da kudu da arewa, a rubuta sunayensu, sannan a kai takardar kwamitin ƙasa na gunduma domin ta shiga rajista. Idan gonar aro ce ko jingina a hannun wani, a rubuta hakan tun yanzu, domin wanda ya shekara ashirin yana noma wuri yakan manta cewa aro ya karɓa ranar da ya ji an fara yi wa wurin kuɗi.

Maganar magada ita ce ta fi kashe zumunci a wannan harka. Sau da yawa babban wa ne yake zama da ɗan kasuwa shi kaɗai, ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, ƙannensa mata da ke gidajen aure da ƙanen da ya tafi ci-rani Kano ko Agadas ba su da labari sai sun ga mota tana sauke bulo. Kada a sa hannu a kan komai sai an tara duk mai haƙƙi, maza da mata, an raba gado ko kuma an wakilta mutum ɗaya a rubuce.

Idan mai son yanka filayen ya zo, ka tambaye shi izinin da hukuma ta ba shi da kuma taswirar da aka amince da ita, kada ka tsaya ga hoton da zai nuna maka a waya. Ka ɗauki kwafi ka je ma'aikatar magajin gari da ofishin tsara birane ka tabbatar da kanka. Wanda ya ce izini yana hanya, ka ce masa gonar ma tana nan, ba ta tafiya ko'ina.

Daga nan sai lissafi, kuma a nan ne ake cutar mutane cikin fara'a. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wadda za ta ba da filaye 25 masu mita 20 kan 20 da babu abin da za a cire. Amma dole a fitar da tituna da wurin makaranta da asibiti da kasuwa, don haka abin da zai rage bai kai haka ba. Ka sa a auna gonar a gabanka, ka san filaye nawa za su fito, nawa ne rabonka, kuma a rubuta lambar kowane fili da rukunin da yake ciki. Alƙawarin "za mu ba ka filaye biyar" bai wadatar ba, domin fili a bakin babban titi da fili a kan fā ko cikin kwari ba kuɗinsu ɗaya ba, mutumin Damagaram kuwa ya san abin da dutse yake yi wa mai haƙa masai. A ganina karɓar filaye ya fi karɓar kuɗi a dunƙule, saboda kuɗin gona yakan ƙare a biki da babur cikin shekara guda, filin kuwa yana nan yana ƙara daraja. Kowane fili ka nemi takardar mallakarsa daga hukuma da sunanka, kuma idan cinikin babba ne a yi shi gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki. A sa cikin yarjejeniya cewa ba za a shiga gonar ba sai ka girbe amfanin da ke ciki.

Akwai abin da ba naka ba ne balle ka sayar, ko da yana manne da gonarka. Burtali da mashaya da wuraren kiwo na jama'a ne a ƙarƙashin doka, kuma hanyar da ruwa yake bi zuwa tafki ba ta sauyawa don an zana gidaje a kanta. Wanda ya saya a watan Maris yana ganin rairayi, sai Agusta ya gane inda ya zauna. Idan taswirar ta hau irin waɗannan wurare, ku haɗu da sauran manoma da makiyaya ku kai ƙorafi a rubuce tun ba a dasa turaku ba.

Idan hukuma ce da kanta take buƙatar gonar don aikin jama'a, dokar 1961 da aka yi wa gyara a 2008 ta tanadi a biya diyya ta adalci kafin a karɓe wuri, saboda haka a ƙirga har da itatuwa da rijiya. Idan kuwa ka wayi gari ka tarar da turaku a gonarka ba da saninka ba, kada ka tumɓuke su. Ka kira shaidu, ka ɗauki hoto, ka kai maganar gaban mai gari ko sarki domin sulhu, ka karɓi takardar abin da zaman ya ƙare a kai, domin da ita za ka shiga kotu idan sulhun bai yiwu ba.