Yadda ake gina ƙaramar garkuwar hannu a Blender don wasan bidiyo

Ƙaramar garkuwar da masu takobi na Turai suka yi amfani da ita daga ƙarni na 13 zuwa na 16 ba a ɗaure ta a damtse, da dunƙulen hannu ake riƙe ta, don haka duk wanda ya zauna gaban kwamfuta a Yamai zai gina siffarta, daga mariƙin ya kamata ya faro. Faɗinta bai cika wuce santimita 45 ba, kuma a tsakiyarta akwai cibiyar ƙarfe da ta kumburo waje, wadda yatsu ke ɓuya a cikin raminta ta baya. Kada a ɗauki awo daga garkuwar Abzinawa ta fatar mariri, domin waccan kusan dukan jiki take rufewa.

Kafin a buɗe Blender, manhajar gina siffofi masu tsawo da faɗi da kauri a kwamfuta, a nemi hotunan rubutun hannu mai lamba I.33, wanda aka yi a Jamus wajen shekarar 1300, yake kuma ajiye a gidan tarihin makamai na Royal Armouries da ke Leeds a Ingila. A ciki wani limamin coci yana koya wa almajirinsa faɗa, kuma za a ga ana miƙa garkuwar gaba, dab da hannun da ke riƙe da takobi, don ta kare shi. Wannan yana da tasiri a kan aikin: a wasan da ake kallo ta idon mayaƙi, bayan garkuwar ne mai wasa zai fi gani, ga shi kuwa nan ne masu koyo suka fi yi wa aikin sakaci.

A sa ma'auni a mita tun farko. A zana layi guda mai nuna rabin garkuwar daga gefe, daga ƙololuwar cibiya zuwa baki, sannan a kewaya shi da Screw, umarnin Blender mai juya layi ya zama siffa zagayayya; a raba zagayen kashi 24 ko 32, sun isa. Umarnin Solidify zai ba shi kauri na milimita biyu ko uku. Daga nan a gina mariƙin, sanda mai ratsa ramin cibiyar, da ƙusoshin da suka kafe shi, a bar sarari isasshe ga yatsu huɗu, har da na mai safar hannu. Asalin siffar kuwa (origin), wato ɗigon da take juyawa a kansa, a mayar da shi tsakiyar mariƙin, in ba haka ba garkuwar za ta riƙa lilo nesa da hannu da zarar an haɗa ta da ƙashin da ke motsa hannun mayaƙin cikin wasan.

Sawun guduma da ƙarcen takobi ba a gina su da alwatika, wato ƙananan fuskoki masu kusurwa uku da ke haɗa siffar wasan; a sassaƙa su a kan wata siffa mai alwatika da yawa, a gasa su, wato a kwafe su, cikin taswirar tudu da kwari (normal map), hoton da ke sa fuskar siffa ta bayyana da tudu da rami, mai faɗin ɗigo 1024. Wanda yake son ganin yadda dukan guduma ke zama a ƙarfe, da inda tsatsa ke taruwa a gindin ƙusa, ya leƙa wajen maƙera a kasuwar Katako ta Yamai da rana, ya ɗauki hoto bayan ya nemi izini. Mariƙi ya fi ko'ina santsi da duhu saboda gumi.

Godot da Unity da Unreal manhajojin haɗa wasan bidiyo ne: a fitar da fayil a tsarin glTF idan Godot za a kai shi, ko tsarin FBX don Unity da Unreal. Unreal da santimita yake awo, kuma yana karanta koren launin taswirar a juye, saboda haka idan ƙusoshi suka fito kamar ramuka, sai a juya wannan launin.