Yadda Ƙungiyar 'Yan Kasuwa a Zariya Za Ta Bar Janareta Ta Koma Wutar Sola ta Haɗaka

Wanda ya ratsa layin teloli a Sabon Gari ko Tudun Wada da rana tsaka ya san yadda abin yake: kowane shago da ɗan injinsa a bakin ƙofa, hayaƙin wannan na shiga shagon wancan, sai an ɗaga murya ake ciniki. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 lissafin ya daina fita. Ƙaramin janareta na shan kusan rabin lita a awa, kuma kowace litar fetur da ta ƙone tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kuwa wajen 2.7. A taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 Najeriya ta ɗauki alkawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa ba. Ɗan kasuwa dai aljihunsa zai duba, kuma a wannan karon aljihu da alkawarin hanya ɗaya suka bi.

Kada a fara da tambayar farashin fanel, wato faifan da ke juya hasken rana ya zama wuta. A fara da ƙidayar lodi, shago-shago, da littafi a hannu. A rubuta kowace na'ura, wat nawa aka buga a jikinta, awa nawa take aiki. Abin da mai shago ya faɗa da baki bai isa ba, domin kowa zai ce "ƙwai biyu ne da fanka", dutsen guga kuwa yana ƙarƙashin tebur. A sami mai gyaran wuta ya maƙala mitar auna lodi a wayar kowane shago, kwana bakwai a jere, har da ranar da kasuwa ta fi ci.

Ga misali da layi mai shago 40. Kowane shago na da ƙwai biyu masu wat 10, fanka mai wat 60, cajin waya da na'urar POS wat 20. Wat 100 ke nan, cikin awa goma yunit ɗaya, shago 40 yunit 40. A ƙara teloli shida masu keken lantarki a kan yunit ɗaya da rabi kowanne, ya zama 9, da firiza huɗu na masu ruwan sanyi a kan yunit biyu-biyu, ya zama 8. Jimilla yunit 57 a rana. A ɗora kashi 25 cikin ɗari saboda abin da zafi da waya da inbata (na'urar da ke juya wutar fanel da batir ta zama irin ta gida) ke cinyewa, an kai wajen 72.

Yanzu sai a raba da awannin da rana ke bayar da cikakken ƙarfi. Masu tallar kaya sun fi son lissafi da ranar Maris. A yi da ta Agusta, lokacin da hadari ke yini a kan Zariya, a ɗauki awa huɗu da rabi. Yunit 72 a raba da 4.5 ya ba da kilowat 16, wato fanel 30 masu wat 550. Kowanne ya kai kusan murabba'in mita biyu da rabi, nauyinsa na kusa da kilo 28, saboda haka ana maganar fili mai murabba'in mita 80 da kaya sama da kilo 800. Tsohon kwanon kasuwa da katakon da gara ta taɓa ba za su ɗauka ba. Gara a kafa rumfar ƙarfe ta daban, fanel na fuskantar kudu, a karkace da digiri 10 zuwa 15 domin ruwan sama ya riƙa wanke shi. A ɗaure da noti sosai, don iskar farkon damina a Afrilu da Mayu ita ke yaye rufi.

Batir shi ke cin kuɗi, shi ya sa ake ƙoƙarin a yi aikin da rana. A misalin nan abin da za a sha daga magariba zuwa rufe kasuwa, da firiza cikin dare, bai wuce yunit 15 ba. Batirin litiyam mai bolt 48 da amfiya 100 na ɗaukar kusan yunit biyar, ana cin huɗu a bar ɗaya, don haka guda huɗu sun isa. Batirin ruwa ya fi araha a ranar saye, amma rabin cikinsa kawai ake ci, kuma a zafin nan shekara biyu zuwa uku ya gaji. Ɗakin batir ya zama na bulo mai tagogin iska, ba shagon kwano ba. Inbata kuwa a sayi biyu masu kilowat takwas da ke aiki tare maimakon babba guda, in ɗaya ya lalace layi ba zai kwana a duhu ba. Dalilin girman shi ne injin firiza da na keken ɗinki na jan ninki uku zuwa shida na ƙarfinsu a daidai lokacin tashi. Injin niƙa da na walda a ware musu lissafinsu daban, ba a cusa su cikin wannan.

Sai maganar takarda, wadda mutane ke tsallakewa su zo suna da-na-sani. Mutum ya sa sola a shagonsa, wannan harkarsa ce. Da zarar an ja waya ana sayar wa shagunan wasu, an shiga hurumin dokar ƙananan tashoshin wuta ta NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, dokar da ta fito a 2016 aka sabunta ta a 2023. A dokar ta 2023, inda babu layin kamfanin rarraba wuta, tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta, daga nan zuwa megawat ɗaya sai da izini. Kasuwannin Zariya kuwa suna cikin yankin Kaduna Electric, mai kula da Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, kuma in za a yi amfani da turakunsa da wayoyinsa dole a ƙulla yarjejeniya tsakanin ɓangarori uku: kamfanin, da mai gina tashar, da ƙungiya a madadin masu shaguna. A cikinta ake rubuta kuɗin hayar layi, da farashin wutar da za a saya daga kamfanin, da awannin da zai bayar, da yadda za a yi da tsohon bashin da ke kan taransifoma. Wannan na ƙarshe shi ke tsayar da zama. A daddale shi tun farko, a rubuce.

Ba wayo ba ne a yanke hulɗa da kamfanin gaba ɗaya. A tambayi rukunin da layin kasuwar yake: rukunin A awa 20 aka ƙayyade masa a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. Ko awa huɗu ne, in sun faɗo da dare za su cika batir a rage sayen wani. Sai dai haɗin ya zama ta makunnin sauya layi na ƙwarai, wanda ba zai bar wutar inbata ta koma kan turaku ba idan an ɗauke wuta. In ta koma, ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layi a mace yake shi za ta kama.

Kafin sa hannu ƙungiya ta kasance da rajista, ko a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ko a matsayin ƙungiyar gama kai, da asusun banki na wuta kaɗai mai sa hannun mutum uku. A nemi tayi daga kamfanoni aƙalla uku, kowanne ya kai wakilanku su ga aikin da ya yi shekara biyu yana ci, ba hoto a waya ba. Tallafin DARES, shirin faɗaɗa wutar sola a Najeriya, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 750 a Disambar 2023 kuma REA, hukumar samar da wuta a karkara, ke gudanarwa, ta hannun kamfanonin da suka cancanta yake bi, ba a miƙa wa ƙungiya kuɗi a hannu. Duk wanda ya zo karɓar "kuɗin fom" ku yi masa kallon tsanaki. Hukumar REA ɗin ce ta shige gaba aka sa wa kasuwar Sabon Gari ta Kano sola, kuma Kano ba nisa, a tura mutum biyu su zauna da masu shaguna su ji daɗi da wuyar abin.

Kuɗin wata na bai-ɗaya shi ke kashe irin wannan aiki. Mai ƙwai biyu ba zai daɗe yana biya daidai da mai firiza ba. Kowane shago da mitarsa ta kati, mai iyakar lodi: wat 200 ga shagon tireda, a ƙara wa tela da mai firiza gwargwadon abin da aka auna. Wanda ya jona hita mitarsa ce za ta yanke, ba layi duka ba. Cikin farashin yunit a saka albashin mai kula da tasha, da gadi, da wani kaso da ake ajiyewa don sabon batir da inbata nan da shekara takwas zuwa goma.

Gobarar kasuwa ba abin wasa ba ce, kuma yawanci daga haɗi mai kwance take tashi. Wayar da ta taso daga fanel ta zama ta sola mai kaurin murabba'in milimita shida, a cikin bututu, da fiyus da abin kare tsawa, a kafa sandar tagulla a ƙasa. Kan haɗin wayar fanel na kamfani biyu daban kada a cusa su cikin juna, suna zafi su narke. Jami'an NEMSA, hukumar duba ingancin aikin lantarki, su duba aikin kafin a kunna.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na rufe gilashi cikin kwana kaɗan, wuta ta ragu mutane su ce kayan jabu ne. A wanke duk mako da sassafe, da ruwa zalla da tsumma mai laushi, ban da omo, kuma ba da tsakar rana ba don gilashi mai zafi na iya tsagewa. A lura da inuwar tankin ruwa ko reshen darbejiya, fanel ɗaya ya shiga inuwa duk jerinsa ya ja baya. Janaretoci kuwa kada a sayar da su duka. A bar babba guda mai lafiya a jone da inbata, a tayar da shi minti goma duk mako biyu, saboda ranakun Agusta da ake kwana uku ba a ga rana ba.